Fim ɗin Kawuna

Kawuna ya yi aiki a masana'antar siminti ta Malbaza har gashin kansa ya koma kalar simintin. Da ya aje aiki, sai ya koma zaman fada gindin bedi, kuma hirarsa ɗaya ce: wani tsohon fim na baƙaƙen Amurka, mai waƙa da rawa, wanda ya gani a sinimar Konni yana saurayi. Ba ya jin Ingilishi ko na sayen ruwa, amma shi ke fassara mana labarin. Akwai mata mai jar riga da ke waƙa bakin taga tana hawaye. In ji Kawu, uwarta ce ta rasu. Akwai mai doguwar hula, shi kuma malamin unguwa ne mai yi wa matasa nasiha.

Wata rana 'yarsa, malamar lakwal, wato makarantar boko, a Illela, ta zo hutu. Tana duba salula ta ce, "Baba, fim ɗinka za a sake yin shi sabo."

Kawu ya aje kofin shayi. "Wa ya aike su? Za su kwaso 'yan mata masu shafe-shafe, fata kamar an ɗaye doya, na'ura ta yi musu waƙar. Mi suka sani ga baƙin mutum da kukansa?"

Abin ya zame masa aiki. Duk direban kamiyon, babbar motar kaya, da ya tsaya shan shayi sai ya ji ƙarar. Abokan fada, waɗanda ba su taɓa ganin fim ɗin ba, suka taya shi fushi, har ɗaya ya ce duniya ta zo ƙarshe.

Don ta lallashe shi, 'yar ta samo tsohon fim ɗin a salula, mai rubutun fassarar Faransanci a ƙasa. Bayan la'asar muka taru a tsakar gida, har da matar Kawu tana tsinar zogale. 'Yar tana karantawa tana mayar mana da Hausa.

Mai doguwar hula ya fito. Kawu ya gyara zama, ya ce mu saurari nasiha. Ashe ɗan caca ne, giya yake talla. Sai ga mai jar riga bakin taga. 'Yar ta daina karantawa, ta dube ni.

"Karanta mana," in ji Kawu.

"Baba, uwarta tana nan da ranta. Mijinta ne ya gudu da wata 'yar rawa. Roƙo take haƙoransa su zube, ƙafarsa ta shanye."

Kawu ya daɗe yana kallon salular. Can ya ce, "To kun gani! Wanga ma sun riga sun taɓa shi. Namu ba shi da rubutu."

Matarsa ta ture tiren zogale. "Malam, wagga waƙa ce ka zauna kana yi mini da hanci ranar da Innata ta rasu, kana cewa ta ta'aziyya ce?"

Kawu ya tuna yana da alwala da zai sabunta.

Ita kuwa ta sa aka maimaita mata wurin haƙoran har ta riƙe muryar. Yanzu duk ranar da ya daɗe a fada abinci ya huce, daga ƙofar gida yake jiyo ta tana rerawa.