Yatsu Biyun da Suka Ƙi Buɗewa

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Danchadi wannan ba abin wasa ba ne. Babana bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙannena su kira masa wancan. Gaisuwa daga bakin ƙofa nake durƙusawa in yi ta, shi kuma ya amsa yana duban wani wuri. Na kai shekara arba'in, da mata da 'ya'ya, ban san ɗumin tafin hannunsa ba.

Da rani ne, yana ban ruwan albasa a fadama, ya yanke jiki ya faɗi. Hawan jini, in ji likitoci a Sakkwato. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta yi nauyi. Ranar da za a sallame mu, likitar gashin ƙashi, wata gajeruwar mace da ba ta ɗaukar wargi, ta tambayi wanda zai kula da shi. Ƙannena maza suna ci-rani a kudu, innarmu kuma ƙarfinta ya ƙare. Sai ni.

Ta nuna mini a jikinsa: in riƙe kafaɗa, in miƙe gwiwar hannu, in buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, safe da yamma, ko ya yi ƙara kada in saki. Ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in aka bar hannun nan a makonnin farko zai ƙage. Na ce to. Ni dama gwanin cewa to ne.

Washegari na shiga ɗakinsa, na durƙusa, na gaishe shi. Hannun yana yashe a kan tabarma. Na matsa, shi kuma ya juya fuska bango. Wallahi ji na yi kamar an ce in tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa. Na ce bari sai da yamma. Da yamma na ce sai gobe.

Duk abin da ba ya buƙatar in taɓa shi, na yi. Magani a kan lokaci, farfesun kaza, rubutun sha daga malaman Shagari, man zafi da nake miƙa wa inna ta shafa masa. 'Yan dubiya suna ta sa mini albarka, wai Allah ya ba su ɗa irina. Ni kuwa in sunkuyar da kai ina amsa amin, ban ji ko ɗar ba.

Bayan mako shida muka hau bas a Bodinga muka koma asibiti. Likitar ta tambaye ni ko ina yi, na ce safe da yamma. Ta kama hannun. Yatsun sun dunƙule tamau, da ƙyar ta ɓamɓare su. Farce ya nutse cikin tafin har ya yi gyambo, wari ya tashi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ɗago ta dube ni, amma kafin ta buɗe baki, babana ya yunƙura da harshen nan nasa da ba ya ɗaguwa.

"Shina yi, ɗiyata," ya ce. "Kullum shina yi. Hannun na da taurin kai."

Mutumin da ko a cinikin albasa ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, yau ya yi ta saboda ni. Da likitar zagina ta yi a gaban jama'a da ya fi mini sauƙi. Ba ta musa masa ba. Ta wanke gyambon, ta yanke farcen, ta sake nuna mini komai daga farko, ba ta ƙara kallon fuskata ba.

Da muka dawo gida, bayan la'asar, na shiga na durƙusa inda na saba. Ya yafito ni. Ya sa hannun hagu ya ɗago na daman kamar mai ɗaukar kayan wani, ya aza shi a kan gwiwata. Sannan ya kira sunana. A karkace ya fito, amma nawa ne. Na kama yatsun na ja, ya yi ƙara har inna ta leƙo, ban saki ba. Ina ja ina hawaye, gardi da ni.

Shekara biyu ke nan. Gwiwar hannun tana miƙewa, yatsu uku sun buɗe, da su yake jan carbi. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun ƙage, likitar ta ce sai haƙuri. In baƙo ya ba shi hannu ya ji su a dunƙule, sai babana ya ce ai ciwon ne ya bar masa su haka. Ina zaune a gefe ina ji, kuma na san makonni shidan da suka bar masa su.