Baturiya ta Morai da Ƙwayar da Aka Ce Tana Wanke Shawara

Sayar da magani da ƙarya ga wanda bai iya karanta kwalinsa ba zalunci ne, ba kasuwanci ba. Na fara da haka don in kawo ku ga Malama Baturiya, ma'aikaciyar ɗakin shan magani a Morai, wadda ta ajiye aiki bana ba wanda ya tara mutane ya ce mata sannu. Abin kunya ne gare mu.

Kullum da hantsi tana kan bencinta, mata masu ciki zaune gabanta. In ta miƙa wa mace ƙwayar bitamin B, sai ta riƙe mata hannu: "Ɗaya rak a yini, bayan kin ci abinci. Fitsari zai yi rawaya, kar ki tsorata, halin ƙwayar ne." Ta maimaita har mai ji ya ƙosa.

Sai ga Mamuda mai lasifika, mai bin kasuwannin Mafara da Bakura da Maradun a kan babur yana tallar wannan ƙwayar. Wannan rawayar fitsarin ita ya mayar jari. Wai ciwon shawara ne ke fita daga jiki, a yi ta sha safe da yamma har fitsari ya yi fari. "Uwata ma ita take sha!" in ji shi. To ina zai yi fari, alhali ƙwayar ce ke rina shi? Mutane suka yi ta watsa ta baki kamar gyaɗa.

Falalu, ɗan ƙanena, manomin shinkafa a Tsibiri, ya sha tun damina har rani. Ƙafafunsa suka fara yi kamar ana tsira musu allura, daga baya suka mutu. Ranar da ya taka lauje a fadama, bai sani ba sai da ya ga ruwa ya yi ja. Ni na kai shi gun Malama Baturiya.

Muka gaisa, ta duba ledar ƙwayar, fuskarta ta ɓaci.

"Falalu, nawa kake sha?"

"Cikin tafi, Malama. Shawarar ba ta gama fita ba."

"Wace shawara? Buɗe ido in gani. Fari tas! Jijiyoyin ƙafarka kake kashewa, bawan Allah."

Ta wanke ciwon, ta karɓe ƙwayar, ta tura shi asibiti a duba shi.

Ranar kasuwar Mafara ta je ta tsaya gaban lasifikar. Mamuda ya yi dariya: "Hajiya, kishi ne? Ɗakinki ba kowa?" Ba ta kula shi ba. Ta kira Dikko mai shanu, ƙaton da kowa ya san lafiyarsa lau, ta ba shi ƙwaya ɗaya gaban jama'a. Bayan azahar Dikko ya ga fitsarinsa ya yi rawaya, ya dawo yana huci, ya cafi wuyan rigar Mamuda: "Kai maƙaryaci! Ni ma shawarar gare ni?"

Ke ce kika yi wannan, Baturiya, ke kaɗai, mu maza muna tsaye muna kallo. Mai hana mutum cutar kansa, Allah ya saka miki da alheri. Falalu ya shiga dashe bana, ko da yake babban yatsan ƙafarsa har yau ba ya ji.

Ku masu kemis, ku yi koyi da ita. Ku masu saye, ku tambayi ma'aikacin lafiya kafin ku haɗiye, kuma in hannu ko ƙafa ta fara yi kamar ana tsira mata allura, ku daina ku je a duba ku.

Shi ko Mamuda, ga abin da ya samu. Sarkin kasuwa ya ƙwace lasifikar. Mafara ta kore shi, Bakura da Maradun suka ji labari suka hana shi sauke kaya. Uwar tasa da yake alfahari da ita, yanzu sai da sanda take fita tsakar gida, takalmi na faɗuwa daga ƙafarta ba ta sani ba. Baturiya ce ke zuwa duba ta.