Ranar da Lawali Ya Aske Gemunsa

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da muka binne Lawali a Kaura Namoda. Abokina ne tun muna yara a unguwar bayan tashar jirgin ƙasa. Ni yawo ya ɗauke ni, na yi Maraɗi da Yamai, na yi Kumasi, na zauna Sudan har Larabcinsu ya kama bakina. Shi kuwa aikin jinya ya karanta, ya ƙware a sa marasa lafiya barci kafin tiyata, ya dawo gida bai sake fita ba. A ƙasashen da na zauna, mai wannan aiki kusa da likita ake ajiye shi. Mu nan mai allurar barci kawai muke cewa, kamar da ya tsira allura ya gama nasa.

Ban san nauyin abin da ke hannunsa ba sai a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Jihar tamu sabuwa ce a lokacin, ba a daɗe da cire mu daga Sakkwato ba, kowa na cike da zumuɗi. Gemu ya yi daraja ƙwarai. Yayana, Alhaji Ummaru, ɗan kasuwar hatsi da ke zaune a Zurmi, ya ajiye nasa har ya rufe masa wuya, kuma duk wanda ya gani da haɓa fayau sai ya tsokane shi.

Wata ranar kasuwar Shinkafi ya kama buhun gero zai ɗaga, sai ƙabar da ya daɗe yana ɓoye mana ta fito ta ƙi komawa. Kafin a kawo shi asibiti a Kaura bayan azahar, ya yi ta amai, cikinsa ya kumbura. Likita ya duba ya ce hanji ne ya shaƙe, ba zai jure hanyar Gusau ba, a nan za a yi aikin kuma yanzu.

Lawali ya shigo ya gaishe da Yaya, ya sa ya buɗe baki ya leƙa, ya sa ya ɗaga kai, sannan ya cusa yatsu cikin gemun yana laluben ƙashin haɓa. Na ga fuskarsa ta canja. Ya jawo ni baranda ya yi mini bayanin da har yau ban manta ba. Maganin da zai ba Yaya zai tsayar masa da numfashi gaba ɗaya. Daga nan shi zai riƙa yi masa numfashin, ta bututun roba da zai zura masa a maƙogwaro. Hanya biyu ce a can ciki, ɗaya ta huhu, ɗaya ta abinci, kuma idan bututun ya bi ta abinci ba a lura ba, mutum ya tafi yana kwance lafiya lau. To Yaya wuyansa gajere ne, haɓarsa ƙarama, gemu ne ya ɓoye ta. Irin wannan, in ji shi, bututu kan yi gardama. In ya ƙi shiga, abin da ya rage shi ne murfin robar da ake kifawa a kan hanci da baki a tura iska. Murfin kuwa ba ya kama fata a kan gashi, iskar ta gefe take zurarewa. Sai an aske gemun.

Muka koma muka faɗa wa Yaya. Yana murƙususu, gumi na zuba, amma ya buɗe ido ya harare mu.

"Mi kac ce, Lawali? Bana da kowa ka aje gemu, ni ad da askewa? Ka yi aikinka hakanan."

"Yaya Alhaji, gemu yana tsirowa. Numfashi nika tsoro."

"Rai na hannun Allah."

"Awo, na hannunai yake. Shi kuma yab ba ni amanar maƙoshinka yau."

"In koma Zurmi kamar ɗan makaranta? Waɗanda nika yi ma ba'a su ce mi? Ba ni yi."

Na yi masa magana da duk abin da na sani, na ce malamai sun yarda lalura tana da hukuncinta, na ba shi labarin dattawa masu gemu da na ga an yi wa haka a Sudan. Ya ce Sudan ba Zurmi ba ce. Na gane ba hukuncin ne ke damunsa ba, idon mutanen kasuwa ne. Likita na leƙowa yana komawa. Leɓɓan Yaya sun bushe, numfashinsa sama-sama.

Lawali ya fita. Ya dawo da almakashi da reza da kwanon ruwa, ya zauna a bakin gadon. Shi ma yana da gemu, wanda ya ajiye tun kafin a fara yayinsa. Ya kama shi ya datse, ya shafa sabulu ya bi da reza, ba ko madubi, har ya yanki kansa a gefen kunne. Ya juyo da haɓa fayau.

"To ga shi, Yaya Alhaji. Juma'a tare muka zuwa masallaci, duk mai dariya ya raba mana ita biyu."

Yaya ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, "Kai dai ba ka da kyau ko kaɗan." Ya ɗaga haɓa ya rufe ido.

Na sha shiga tsoro a tafiye-tafiyena. Na taɓa kwana biyu a hamada mota ta lalace, ruwa na ƙarewa. Amma a can ina da abin yi, ko haƙa rairayi ne. A barandar nan ba ni da komai sai kallon ƙofa. Akwai lokacin da na ji muryar Lawali ta ɗaga a ciki, aka ja wani ƙarfe da sauri, sannan shiru. Na tsuguna a ƙasa, addu'ar da nake yi ta kuɓuce mini, sai sunan Allah kawai nake maimaitawa.

Sai daga baya Lawali ya gaya mini abin da ya faru. Da ya sa wani ƙarfe mai 'yar fitila ya ɗaga harshen Yaya, bai hango ƙofar huhu ba. Ya gwada zura bututun, ya sa abin sauraro a ƙirji bai ji iska ba, ya ji ta tana gurguɗa a ciki. Nan take ya zare shi. Leɓɓan Yaya suka fara yin baƙi. Ya kifa murfin, ya riƙe muƙamuƙi da hannu biyu, aka matsa jakar iska, sai ƙirji ya ɗaga. Da jini ya dawo leɓɓan, ya gyara matashi, ya sake gwadawa, bututu ya bi hanyarsa. Ya saurari dama, ya saurari hagu, ya saurari ciki, sannan ya ce wa likita bismillah. Na tambaye shi da gemun na nan fa? Ya ce kar mu yi wannan magana.

Juma'ar farko da Yaya ya iya tafiya, Lawali ya hau mota har Zurmi. An kuwa yi musu dariyar, wani ma ya tambaya ko aikin soja za su nema. Yaya ya ce a tambayi ƙanen nan nasa, shi ya fara.

'Yan shekaru bayan haka ciwon hanta ya kwantar da Lawali, ya rasu a gidansa. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na shiga manyan asibitoci na ga na'urar da ake maƙala wa yatsa tana faɗin yawan iskar da ke cikin jini, da wadda ke nuna ko bututu na cikin huhu. Da ya yi murna da su kamar yaro, shi da kunnensa da idonsa kawai ya dogara. Amma da ya tambaye ni waye ke tsaye a kan marasa lafiya a ƙananan asibitocinmu, kuma ba ni da amsa mai daɗi. Ma'aikata da yawa sun bar yankin saboda halin da hanyoyinmu suka shiga. Wanda hanjinsa ya shaƙe a ƙauyen Gurbin Bore yanzu, tsoron hanya zai fara ji kafin tsoron tiyata. Wannan ke hana ni sukuni idan na ji an ce wani namu na ciwon ciki.

Lawali bai bar gini ba, ba a sa wa ko ɗaki ɗaya sunansa ba. Yaya kuwa yana nan da ransa, ya tsufa, ya bar wa 'ya'yansa kasuwa ya dawo kusa da ni a Kaura. Da ladanin masallacin unguwarmu ya rasu, shi aka ba kiran salla. Muryar ta yi rauni, yakan tsaya ya ja numfashi a tsakiya, kuma duk sanda ya tsaya ɗin nan sai na riƙe nawa har ya ci gaba. Idan ya kai ƙarshe, nakan yi addu'ar bayan kiran salla, in ɗora da ta Lawali. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabarinsa.