Riskuwa da Littattafan Dodo Mai Aman Wuta

Riskuwa malamin dabbobi ne, haifaffen Ambursa. Yana aiki a Sakkwato aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, sai aka kwaso su aka dawo da su Birnin Kebbi, ba ofis ba kujera. Da safe su taru a inuwar dogon yaro suna jiran a ba su wuri, in rana ta take kowa ya kama gabansa. Wannan zaman ne ya jefa shi cikin karatu.

Wata ranar kasuwa a Argungu, bayan ya gama duba wasu shanu, ya tsaya gun mai balangu. Sai ya ga mutumin yana yagar wani littafin Turanci yana naɗe nama. A bangon akwai dodo mai fuka-fuki yana aman wuta. Ashe kwali guda ne na irin littafin a ƙarƙashin tebur, wai wani Bature mai aikin noman rani ya bari. Riskuwa ya kawo tsofaffin jaridu suka yi musaya.

Littattafan kashi biyu ne, masu jan bango da masu koren bango. Duniyarsu ɗaya, garuruwa ɗaya, dodo ɗaya, amma marubutan daban. Akwai kuma wani faffaɗa wanda ba labari ba ne, dokokin wasa ne: mutum ɗaya ya riƙa ba da labari, sauran kowa ya zama jarumi a ciki ya faɗi abin da zai yi, a jefa ƙwayar ludo a ga ko ya yi nasara. Abin takaici, littafin ƙarshe na masu jan bango shi ne ya ƙare a naɗin balangu.

Riskuwa ya ƙallafa rai a kan masu ja. Jaruminsu mahayi ne mai cika alkawari, marubucin kuma in ya ce gari na gabas da kogi, to har abada yana gabas. Kuskuren da ya yi shi ne ara wa Kalilu, abokinsa tun makaranta, ma'aikacin asibiti a Argungu. Kalilu ya dawo da su yana yabon masu kore, waɗanda jaruminsu wani gajeren ɓarawo ne mai surutu.

"Kalilu, wanga marubuci naka ko taswira bai duba ba. Tahiyar wata guda, ɓarawonka ya yi ta kahin azahar!"

"To mi? Naka mahayin sai ya yi shahi goma shina rantsuwa kahin ya zare takobi. Ni kwana nika yi."

Haka suke duk haɗuwa. Zuhura, matar Riskuwa, ta gaji da jin muryoyinsu daga zaure, ta ce, "Malam, tunda wasa ne, ku yi wasan mana kowa ya huta."

Riskuwa ya ɗauki maganar da gaske. Ya yi makonni yana zana taswira a takardar buhun siminti, yana fassara dokoki. Da yake ana buƙatar mutum na uku, ya gayyato Labbo, yayan Zuhura, manomin shinkafa a Zauro. Labbo ya fara tambaya ko caca ce. Da aka tabbatar masa ba a aza komai, ya cire takalmi ya zauna.

Ranar Asabar bayan la'asar aka fara, a zauren gidan hayarsu na unguwar Nasarawa. Kalilu ya zama ɓarawo, Labbo mahayi. Riskuwa ya gyara murya ya ce sun iso wani ƙauye a bakin kogi, dutsen dodo na can gaba.

"Bakin kogin, hwadama ce?" in ji Labbo.

"Hwadama ce, Yaya Labbo, amma wucewa za ku yi."

"Wa ad da ita?"

"Ba kowa! Ku wuce!"

"Hwadama ba mai ita, in wuce? Nan zan zauna."

Kafin Riskuwa ya shawo kansa, Kalilu ya ce shi kuma ya sace dokin mahayin. Aka jefa ƙwaya, ta ba shi. Labbo ya ce ba inda za shi sai an kai maganar gaban mai gari. Asabar uku ana shari'ar doki. Riskuwa, da yake shi ne mai gari, shi ne shaidu, har muryarsa ta dushe, kuma ba wanda ya ko kalli wajen dutsen.

Da ya ga ba za su je ba, sai ya taso dodon ya kawo musu har ƙauye, ya ƙona rumbuna. Ya zuba wa Labbo ido yana jiran takobi. Labbo ya shafa gemu ya ce a tura dattawa su ba dodon haƙuri, a haɗa da rago. Riskuwa ya buɗe littafin dokoki yana neman inda aka hana, bai samu ba. Aka jefa ƙwaya, ta faɗi a shida. Dole dodo ya karɓi rago ya koma. Riskuwa ya naɗe taswirarsa, ya shige cikin gida ko sallama babu.

Bayan damina Kalilu ya je kwas Kaduna, ya ci karo da littafin ƙarshe na masu ja a wurin 'yan gwanjo. Ya kawo wa Riskuwa, amma tun bai sauka daga babur ba ya ce, "Mahayinka dai ya mutu. Dodo ya haɗiye shi da rantsuwatai."

Riskuwa ya karɓi littafin, ya jefa shi bisa kabad. Ya daɗe bai taɓa shi ba, bai kuma taka Argungu ba. Sai da zazzaɓi ya kwantar da shi ya sa Zuhura ta sauko masa da shi. Ya karanta har ƙarshe. Mahayin bai mutu ba. Bai ma yi yaƙin ba: wani tsohon boka da ba a taɓa ambata ba ne ya ɓullo a shafukan ƙarshe ya kashe dodon, mahayin kuma aka yi masa aure.

Ko gama warkewa bai yi ba ya hau babur sai Argungu. Ya tarar da Kalilu yana wanke wa wani ciwo a ƙafa.

"Ƙarya kay yi min!"

"Ban karanta ba," in ji Kalilu, ko ɗagowa bai yi ba. "Na hwara, kwana ya ɗauke ni. Mi ya hwaru?"

Riskuwa ya tsaya yana huci. Sannan ya jawo benci ya zauna, ya shiga zayyano masa ɓarnar da marubucin ya yi, yana dukan littafin da bayan hannu. Mai ciwon ƙafar ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai a ganinsa bokan ya kyauta.

Daga baya an ba Riskuwa ofis da kujera, ya yi aikinsa har ya yi ritaya ya koma Ambursa. 'Ya'yansa sun karance littattafan duka, kuma kaf ɗinsu masu kore suka fi so.