Kujerar Onarabul Ranar Laraba

Kafin ya shiga majalisar jiha, tela ne a bakin tasha. Shekara goma sha biyu yana wakiltarmu, amma tsofaffin abokansa ba su daina tsokanarsa ba: "Onarabul, ina wandona?" Sai ya yi dariya ya ce, "Sai jibi, maigida."

Ba mugu ba ne. Da ƙafarsa ya ci zaɓe sau uku: ba a yin rasuwa a mazaɓarsa bai zo ya zauna a tabarma ba. A nan na san shi, ranar da muka binne 'yata. Maciji ne ya sare ta a bayan makaranta. Asibiti biyu muka je babu maganin dafi, ta cika a hanyar na uku.

Na ce masa doka nake so, wadda za ta wajabta ajiye maganin a kowane ƙaramin asibiti. Ya ce, "Malam, kai ka yi boko, rubuto mini." Na rubuta shafi huɗu. Ya gabatar, aka yi karatu na ɗaya da na biyu, sannan ƙudurin ya yi wata goma sha huɗu a kwamiti. Har masu shara suka san ni a bencin ƙofar ofishinsa.

A makon ƙarshe na wa'adin majalisar aka sa ƙudurin cikin ayyukan ranar Laraba. Ƙa'idarsu ita ce, in aka kira ƙuduri mai shi ba ya nan, sai a tsallake. Wanda kuma bai wuce ba har aka rushe majalisa, ya mutu ke nan.

Tun ƙarfe tara nake zaune a benen 'yan kallo. Sha ɗaya da kwata akawu ya karanto ƙudurin. Kakakin majalisa ya dubi kujerar Onarabul, ba kowa a kai, ya kira sau biyu. Wani daga baya ya ce, "Ya tafi kai ɗinki!" Aka yi dariya, aka wuce.

Na kira Onarabul a waya daga matakala.

"Malam, surukin shugaban jam'iyya ne ya rasu. In ban je ba, me za a ce? Na ɗauka sai bayan azahar za a zo kanmu."

"An zo. An wuce."

Ya ce, "To, in Allah ya maido ni, da shi zan fara."

Jam'iyya ba ta sake ba shi takara ba. Wanda ya gaje shi ya karɓi takardun a tsaye, ya ce in bar lambata wajen sakatare. Saura wata biyu damina ta faɗi, ciyawa ta sake rufe bayan makarantar.