Hatimin Verna Hruska

Shekara talatin da takwas Verna Hruska ta yi tana gwajin iri a kamfanin Holvik da ke garinmu, nan jihar Iowa. Ni ɗan dako ne a wurin, ina loda buhunan saƙo zuwa gidan waya. Aikinta ɗaya ne. Ta ƙirga ƙwaya ɗari daga kowane buhu, ta jera a kan jiƙaƙƙen tsumma, ta naɗe, ta ajiye a wuri mai ɗumi. Bayan kwana goma ta warware ta ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun kai tamanin da biyar, a buga hatiminta, V.H., a kan kowace ambulan. In ba su kai ba, ko Holvik da kansa ya sauko daga bene yana kumfar baki, buhun nan bola za shi. Na sha gani da idona.

Shekara goma sha biyu ke nan da rufe kamfanin. Verna ta koma lambunta, ni na koma sharar makarantar sakandare. A nan na san Malam Colby Renner, mai koya wa 'yan ajin ƙarshe dabarun kasuwanci, mutum mai daɗin baki da farin takalmi. Bara ya samo tsofaffin littattafan tallar kamfanin, ya manne hotunan a bangon aji: tumatir kamar kan jariri, kabewa kamar randa. Ina goge tagar ajin na ji yana cewa, "Kun ga sirrin? Holvik ba iri ya sayar ba, mafarki ya sayar."

Sai ya kwashe ɗaliban zuwa tsohon siton kamfanin. Suka samo ragowar buhunan wake da masara da albasa, da littafin adireshin tsofaffin masu saye, da hatimin Verna a aljihun wani tebur. Suka cika ambulan ɗari huɗu, suka buga wa kowacce V.H. Kafin in tsinci wata yagaggiya a kwandon shara, sittin da uku sun riga sun tafi ga masu saye.

Na kai wa Verna. Ta duba, ta sa rigar sanyi, ta yaye zanen gadonta ta ce, "Delbert, ta da mota."

Ko ƙofar ajin ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta ɗaga ambulan ɗin sama.

"Wace ce Verna Hruska a nan? Ina son in ga matar da ta gwada wannan waken."

Wata ɗaliba mai suna Tegan ta ce, "Iya, wallahi mun ɗauka tambarin kamfani ne."

Malam Renner ya matso yana murmushi. "Iya, ai girmama ki muka yi. Sunanki ya zama tarihi."

"Tarihi? Ka halarci jana'izata ne?"

Yara suka tuntsire da dariya.

"Ka gwada irin?"

"A bushe yake fa, Iya, ko ƙwaro babu. Kuma gasar makarantu saura wata guda, ba mu da lokaci."

"Kai ɗan nan, ka taɓa shuka ko da albasa? Mutum ya aika wa wanda bai taɓa gani ba saƙo, ya gyara ƙasa da ciwon baya, ya zuba, ya zauna jira. Ba hoton kabewarka ya yarda da shi ba. Haruffan nan biyu ya yarda da su."

Ta kama zanen gadon ta kece shi gida-gida a gabansu, ta jefa wa kowane tebur. "Ku ƙirga ɗari. Kai mai hula, ɗari na ce, ba ɗiba ba. Wa ya koya maka lissafi?"

Aka jera naɗin kusa da bututun ɗumama aji, ni nake yayyafa musu ruwa kullum da safe. Rana ta goma ta dawo aka warware. Wake, goma sha ɗaya. Masara, huɗu. Albasa ko ɗaya, sai funfuna da wari.

Kun san abin da malamin nan ya ce? "To mu ninka ƙwayar a kowace ambulan mana."

Verna ta ce, "Ka ninka matacce, me za ka samu?"

Yaran ba su jira umarninsa ba, su da kansu suka juye sauran ambulan a bola. Ba ni da haushinsu. Amma da aka zo kan sittin da ukun da suka tafi, malamin ya ce a dakata da rubuta wa mutanen sai bayan gasa, kada a ɓata sunan makaranta. Sunan makaranta! Verna ta ƙwace littafin adireshin daga tebur ɗinsa. Yatsunta sun ƙandare da ciwon gaɓɓai, amma kwana uku ta yi tana rubuta kati sittin da uku: "Kada ku shuka. Ban gwada ba. V.H."

Wasu katunan sun makara. Wasu sun tafi tsohon adireshi.

A watan Mayu na kai ta shagon kayan noma, muka haɗu da Orville Steenhoek, tsohon manomi da ya haura tamanin. Ya cire hularsa ya tsaya a gabanta.

"Verna, kunya shida na shuka, wake uku, albasa uku. Mako uku ina leƙe. Na ce wa surukina, irin da matar nan ta buga wa hatimi ko a kan siminti sai ya fito. Yanzu kullum ya zo sai ya tambaye ni ina waken siminti."

Na buɗe baki zan zayyana masa komai, da sunan malamin da farin takalminsa. Ta taka min ƙafa.

"Hatimina ne, Orville. Gobe Delbert zai kawo maka dashe da sabon wake daga lambuna."

A mota na kasa haƙuri. Na ce, "Haba Verna! Me ya hana ki faɗa masa wanda ya yi?"

"Wa ya bar hatimin a aljihun tebur ranar da aka rufe? Tuƙa, ka dame ni."

Malam Renner ya zo na biyu a gasar. Jawabi ya yi a kan yadda ɗan kasuwa ke koyon darasi daga faɗuwa, aka tafa masa. Takardar yabon tana rataye a ajinsa, ni nake share mata ƙura.

Ba Orville kaɗai ba ne. Mutum tara suka riga suka shuka. Kwana huɗu na yi ina tone dashen albasarta ina jerawa a bayan mota, tana tsaye da sanda tana nuna min na gidan wa da na gidan wa. Da muka gama, rabin lambun ya koma jar ƙasa. A waccan shekarar Verna Hruska sayen albasa ta yi a kanti.