Baƙin da Malam Ɗahiru Ya Ƙi Kora

Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta na 2025, da hantsi ana yayyafi, aka bugo mini waya daga Unguwar Shanu cewa Malam Ɗahiru Ila ya amsa kiran Mahaliccinsa bayan gajeriyar jinya. Mallakar Allah ne mu duka, kuma wurinSa muka dosa. Kafin la'asar an sallace shi an kai shi makwancinsa. Ni Saratu, 'yar kawunsa, wadda muka tsufa muna tsokanar juna irin ta taubasai, ya tafi ya bar ni da baki cike da magana, babu mai ramawa.

Ɗahiru, a wurin zaman makoki an faɗi alherinka, kuma ba a yi ƙari ba. Telolin Kawo sun tuna shagonka na zare da maɓallai, inda mutum kan zo sayen allura ya tafi da shayi a ciki. Dattawan da kake biya wa karatu a zaure sun ce ƙofarka ba ta san sakata ba. Ni kuwa zan faɗi wanda suka ji nauyin faɗa: karamcin nan naka har cikin kwamfuta ka kai shi, ya kusa ja maka asarar da ba a mayarwa.

Autarka Asma'u ta bi mijinta Abdulmalik karatu Malesiya, a can ta haifi Anas. A daidai lokacin idonka ya fara ja da baya. Ni na raka ka asibiti, a gabana likita ya ce ɗan ganin da ya rage ma tafiya yake yi, kuma ba ya dawowa. An nuna maka hoton jaririn a waya, ka kai ta har kan hanci, ka ce kai dai dunƙulen fura kake gani. Shi ya sa Abdulmalik ya sa aka kafa maka kwamfuta mai faffaɗan allo a falo, don kowace Juma'a da safe su kira ka ga jikanka tun da sauran ido.

To, a nan baƙi suka fara sauka. Na farko wata 'yar taga ce ta ɓullo a kan allon tana taya ka murna, wai ka ci mota. Da wani ne, da ya rufe ta ya wuce. Kai kuwa hankalinka ya tashi, don ba ka taɓa shiga caca ba. Ka danna, ka cika sunanka da lambar wayarka, sannan ka rubuta musu nasiha da Turancinka na firamaren da, cewa caca haramun ce, motar kuma a kai ta gidan marayu. Washegari masu kyautar suka zo da 'yan'uwansu. Wata taga ta ce na'urarka ta kamu da cuta, ka danna nan a yi mata magani kyauta. Ka danna, har da sa musu albarka. Ɗan maɓallin rufewa da ke kusurwa kuwa ka ƙi taɓa shi fafur, wai tamkar rufe wa mutum ƙofa ne yana tsakiyar magana.

Idan tallar ta zo da 'yan mata marasa cikakkiyar sutura, sai a ji ka ɗaga murya, "Uwani, kawo mayafi!" Baiwar Allah maiɗakinka Hajiya Uwani ta bar tukunya a wuta ta zo ta lulluɓe allon, kai kuma ka juya baya kana istigfari har sai ka ƙiyasta sun gama sun tafi. Masu damfara da suka sami lambarka suka riƙa kira, kana zaunar da su kana yi musu wa'azin tsoron Allah har su gaji su kashe. Sai kuma aka fara aika saƙonni da sunanka daga shafin sada zumuntar da Asma'u ta buɗe maka, ana tallar maganin sanƙo. Malam Audi, na'ibin limaminku, wanda duk unguwa an san abin da ke ƙarƙashin hularsa, ya daɗe yana amsa gaisuwarka a daƙile, kai kuwa ba ka san laifinka ba.

Duk wannan abin dariya ne, ban da ranar Juma'a. Kwamfutar ta yi nauyi, tana tafiya kamar tsohuwar da ta ɗauko itace. Asma'u za ta kira, murya na yankewa, ta ɗago yaron ta kara shi da allo, sai tallar takalma ta faɗo daidai kan fuskarsa. Kai kuma ka naɗe hannu kana jiran mai takalma ya gama bayaninsa. Kafin ya gama, kiran ya katse. Haka Juma'o'i suka yi ta wucewa, idon na ƙara dusashewa, Uwani kuma ta yi shiru don ka ce kada a ɗaga wa kowa hankali. Sai da Asma'u ta kira ni tana kuka, ta ce tana tsoron Baba zai makance bai ga ɗanta ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi aikin buga takardu a ofis tun zamanin tafireta har aka kawo kwamfuta, na san irin wannan shara. Na hau Keke Napep daga Malali na dira gidanka, ko gaisuwar kirki ban tsaya yi ba. Na ce yau sai na kore su duka. Ka gyara zama ka ce, "Saratu, a gidana ba a korar baƙo. Ku dai dangin kawu ba ku gaji kara ba."

Na ce, "Malam, kai ne mai karatu. Haƙƙin baƙo a kan mai gida kwana nawa ne?" Ka ce uku. Na ce waɗannan tun kafin azumi suke nan. Na tambaye ka ko akwai wanda ya yi sallama a cikinsu kafin ya shigo, ka ce babu. Sai na gaya maka wanda ya fi muni: a cikinsu akwai 'yan leƙen asiri, manhajojin da ke laɓewa suna kallon duk abin da ka rubuta, suna kwashewa su aika wa iyayen gidansu. Su suka saci kalmar sirrinka suka ci mutuncin Malam Audi da sunanka. Ka daɗe kana shafa gemu, sannan ka yanke hukunci kamar alƙali, cewa mai shiga gida ba izini yana leƙen ɗakuna ba baƙo ba ne, a sallame su, amma cikin mutunci.

Wallahi ban taɓa gyara mai wahalar wannan ba. Na cire intanet, na kwashe hotunanku a filashi, na buɗe jerin manhajojin da ke ciki ina goge duk wadda ba mu san da zuwanta ba. Ka ce lallai sai na karanta maka sunan kowacce, ina gogewa kana cewa, "Allah Ya kiyaye hanya, a gaida gida." Har ka nemi alfarma wa wata mai faɗa maka ko za a yi ruwa, wai ita ba ruwanta. Na ce ka leƙa tsakar gida ka ga hadari da kanka, na goge ta. Na share tarkacen da suka maƙale a manhajar shiga intanet, na toshe hanyar ɓullowar tagogi, na sa manhajar tsaro ta gaskiya ta bincike ko'ina, muka sauya kalmar sirri. Uwani ta ɗauke mayafinta ta kai wanki.

Juma'ar da ta biyo baya tun da sassafe ina gidan. Ka yi wanka ka sa babbar riga har da turare, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Kira ya shigo, allo fes, Asma'u ta ɗago Anas, fuskarsa ta cika allon gaba ɗaya. Ka matso da kujera har hancinka ya kusa taɓa gilashi. Ka ƙare masa kallo, sannan ka juyo ka ce, "Kash! Kunnuwan dangin Saratu ya kwaso, Allah Ya sa ya tsaya nan." Muka yi dariya har Uwani na share hawaye, yaron ma ya wangale baki. Ka yi masa addu'a mai tsawo, babu wanda ya katse ka. Kafin wata ya zagayo idon ya rufe, ba a jima ba kuma ciwon ajali ya zo.

Ya Allah, ga bawanKa Ɗahiru ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Uwani, da 'ya'yansa da ɗalibansa, da jama'ar masallacinsu, musamman Malam Audi, wanda ya ja sallar gawar.

Ke kuma Asma'u, na san abin da ke cin ranki, cewa kina nesa aka rufe shi, bai taɓa ɗaukar ɗanki a hannu ba. Ga abin da ba ki ji ba. Ranar nan da aka gama kiran, mahaifinki ya zauna yana fuskantar allon, hawaye na bin gemunsa. Na buɗe baki zan tsokane shi, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Saratu, na gan shi sarai. Idon nan ya gama aikinsa, in ya ga dama ya tafi." Allah Ya jiƙanka, Ɗahiru, Ya raya Anas, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.